Kwanon da Ya Fita Bai Dawo Ba

Duk wanda ya san Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano ya san ɗan kasuwa ba ya barin shago don cin abinci, abincin ne ke zuwa ya same shi. Da an idar da sallar azahar za ka ga yaran masu abinci suna ratsa layuka da tire a ka: shinkafa da miya ta wannan shago, tuwo miyar kuka na wancan, kowanne a kwanonsa da murfi. Kuɗin abinci ba shi ke hana mai abinci barci ba, domin 'yan kasuwa suna biya. Kwanukan ne damuwarta. Duk kwanon da ya fita aro ne, sai ya dawo an wanke shi sannan a zuba wa wani.

A ce Hajiya tana da kwano 200. Yau ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin benci a shagon mai atamfa. Gobe yaron shago ya mai da wani wurin zuba canji. Jibi Alhaji ya kulle shago ya tafi sarin kaya Legas da kwano biyu a ciki. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya nufi cuta, kuma ba a ganin giɓin, don mai kwano 200 ba ta jin ɓatan huɗu. Sai bayan watanni, ranar da kasuwa ta cika, tukunya cike da shinkafa, masu saye suna jira, a nemi kwanon zubawa a rasa. Wanda za a ce wa "yi haƙuri, Malam, babu kwano" a ranar, galibi mutum ne da bai taɓa riƙe kwanon kowa ba. Hajiya kuwa za ta ɗora laifin a kan cikar kasuwar ranar, alhali ɓarnar ta daɗe da faruwa.

Haka kwamfuta take da memorinta. Ba ma'ajiyar hotuna da bidiyo nake nufi ba, wadda ke riƙe kaya ko an kashe waya. RAM nake nufi, filin da manhaja ke baza aikinta lokacin da take gudana. Duk sa'ad da manhaja za ta buɗe hoto, ko ta karɓi saƙo, ko ta jera sunaye, sai ta nemi aron wani yanki na wannan fili. A yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen 1972 kuma har yau shi ne ƙashin bayan Linux, ana neman aron da umarnin malloc, a mayar da shi da umarnin free. Wanda ya rubuta na farko ya manta na biyu ya fitar da kwano bai aika a karɓo ba. Wannan shi ne yoyon memori.

Da wuya mantuwar ta kasance a kan hanyar da ake bi kullum, domin waccan kowa ya gwada ta. A lungu take ɓuya, inda intanet ya yanke ana tsakiyar aiki, ko mai amfani ya soke abin da ya fara, sai manhajar ta bi wata gajeruwar hanya ta fice ba ta biya ta wurin mayar da aro ba. Kuma abin da ke ɓata a kowane karo bai taka kara ya karya ba. Amma a lissafa: kwamfutar da ke amsa buƙatu 100 a daƙiƙa ɗaya, idan kowace buƙata ta tafi da kilobait ɗaya tak, kafin gobe war haka an rasa fiye da gigabait 8. Idan fili ya ƙare, Linux yana da wani sashe da aikinsa shi ne ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe ta don sauran su rayu. Android ma haka yake yi, yana farawa da manhajojin da ke bayan fage. A nan ba lallai tsuntsun da ya ja ruwa ne ruwa ke doka ba. Layin umarnin da manhaja ta faɗi a kansa shi ne wanda ya zo neman kwano a ƙarshe, kuma wanda ya zauna yana ƙura wa wannan layi ido zai kwana a wurin bai ga komai ba.

Magani biyu ne ke fara zuwa wa mutane a rai. Na farko, a ƙaro kwanuka, wato a sayi ƙarin RAM. Wannan jinkirta ranar yake yi kawai, idan da wata biyu ne ta koma huɗu. Na biyu, a kashe a kunna. Wannan yana aiki da gaske, domin idan manhaja ta rufe, kwamfuta tana ƙwace duk abin da ta ara mata, kamar a ce kowace yamma ana share kasuwa kakaf a dawo wa Hajiya da kayanta. Ban ga aibu ba idan ƙaramar manhaja da ke aikin daƙiƙa biyu ta fita ta dogara da haka. Amma akwai kasuwar da ba ta tashi. Kwamfutocin banki, da na kamfanonin waya, da waɗanda shafukan intanet ke zaune a kansu, ana so su yi watanni ba a kashe su ba.

Ranar 22 ga Oktoba, 2012, wani ɓangare na cibiyar kwamfutocin Amazon da ke jihar Bajiniya a Amurka ya sami matsala, shafuka da dama suka tsaya, ciki har da Reddit. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna yadda abin ya soma tun kwanaki kafin ranar. Wata kwamfuta mai tattara rahotanni ta lalace aka sauya ta, amma sabon adireshinta bai isa ga dukkan kwamfutocin ajiya ba. Wata ƙaramar manhaja da ke kan kowaccensu ta ci gaba da neman tsohuwar kwamfutar, kuma kowane yunƙuri yana cin memori kaɗan ba ya mayarwa. Kamfanin yana sa ido a kan jimillar memorin kowace kwamfuta, amma ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Sanin yawan kwanukan da suka rage a kan kanta bai isa ba idan ba a san hannun wa sauran suke ba.

Abin da Hajiya ke buƙata littafi ne. Kwano ya fita, a rubuta: ƙarfe kaza, babba ne ko ƙarami, wace yarinya ta ɗauka, shagon wa ta kai, wa ya aiko. Ya dawo, a soke. Da yamma duk layin da ba a soke ba yana ɗauke da sunan mai shi. Bin diddigin memori a manhaja ke nan, ba ƙari. Kayan aikin da ke yin sa suna shiga tsakanin manhaja da mai ba da aro, su rubuta girman kowane yanki da aka karɓa, da jerin umarnin da suka kira juna har aka iso wurin karɓar. Wannan jerin shi ne mafi daraja a duk littafin. Idan aka ce maka an yi aro sau miliyan a wajen haɗa rubutu, ba a gaya maka komai ba, domin kowane sashe na manhaja yana haɗa rubutu. Sai an ce sashen karɓar saƙo ne ya kira sashen adana tarihi, shi kuma ya kira mai haɗa rubutu, sannan ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Tun farkon shekarun 1990 akwai Purify, wanda Reed Hastings yake cikin waɗanda suka ƙera shi kafin ya kafa Netflix a 1997. A 2002 Julian Seward ya fito da Valgrind kyauta, kuma har yau masu C da C++ ba su rabu da shi ba. Idan manhaja ta gama aiki, Valgrind yana karkasa abin da bai dawo ba. Akwai wanda ya ɓata tabbas, babu sauran wanda ya san adireshinsa. Akwai wanda ya ɓata saboda yana rataye da wani ɓatacce, kamar murfi da cokalin da suka tafi tare da kwano, da ka gano kwanon ka gano su. Akwai wanda ake shakka a kansa. Sannan akwai wanda har yanzu an san inda yake, ba a dai karɓo ba. Sabon shiga yakan tsorata da tsawon rahoton, amma sau da yawa gyara ɗaya a rukunin farko yana share ɗaruruwa a na biyu.

Littafi yana da tsada, kuma wannan ba a ɓoye yake ba. Mai abincin da za ta tsaya rubuta kowane cokali da azahar, layi zai kai bakin titi. Valgrind yakan sa manhaja ta yi nauyi ninki 20 zuwa 30, don haka a ɗakin gwaji ake amfani da shi, ba a kan kwamfutar da jama'a ke jira ba. AddressSanitizer, wanda injiniyoyin Google suka gabatar a 2012, ya rage nauyin zuwa kusan ninki biyu, ta hanyar dasa masu gadi a cikin manhajar tun lokacin harhaɗa ta. Sai dai wani yoyon ba ya fitowa a ɗakin gwaji ko an kwana ana nema, sai a gaban jama'a na gaske da halayensu na gaske. A nan ake komawa ga ɗaukar samfuri. Yaren Go, misali, yana rubuta aro ɗaya ne a cikin kowane kilobait 512 da aka bayar, a matsakaicin lissafi. Kamar a ce Hajiya tana rubuta kwano ɗaya cikin hamsin. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya sau ɗaya zai tsira, amma shagon da ke haɗiye kwano kullum dole sunansa ya yi ta bayyana, kuma shi ake nema dama.

Karanta littafin ma sai an iya. Ƙidaya ɗaya ba ta nuna yoyo. Idan ka zo da ƙarfe biyu na rana ka tarar kwano 150 suna waje, wannan ciniki ne, ba asara ba. Abin dubawa shi ne nawa ke waje bayan la'asar, yau da gobe da jibi. Memorin manhaja mai lafiya yana hawa yana sauka, amma duk saukar da zai yi wuri ɗaya yake komawa. Mai yoyo ma yana sauka, sai dai kowace sauka ta ɗara ta baya tudu. Shi ya sa gwanaye ke ɗaukar ƙidaya, su maimaita aiki ɗaya sau da yawa, su sake ɗauka, su cire ta farko daga ta biyu. Python yana da tracemalloc tun fitowar 3.4 a 2014 don wannan kwatanci, kuma burauzar Chrome tana da irinsa ga masu JavaScript.

Wani zai ce ai wannan matsalar tsofaffin yaruka ce. Java da C# da Go da JavaScript duk suna da mai kwashe shara, dabarar da John McCarthy ya fito da ita don yaren Lisp wajen 1959. Mai rubuta manhaja ba ya mayar da aro da kansa, akwai wanda ke zagayawa yana tattarawa. Gaskiya ne, kuma ya rage ɓarna mai yawa. Hajiya ta ɗauki yarinya aikinta kawai zagaya layuka tana kwaso kwanuka. Amma yarinyar tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta karyawa, ba ta ɗaukar kwanon da yake da mai shi. Ta isa shago ta ce, "Baba, in ɗauka?" a ce mata, "Bar shi, yarinya, akwai saura," sai ta wuce. Gobe ma haka. Miyar ta bushe, ba mai sake sa hannu a ciki har abada, amma tunda akwai mai cewa nasa ne, yana nan. Mai kwashe shara ba ya sanin ko za a sake amfani da abu. Abin da ya sani kawai shi ne ko akwai zaren da ke kaiwa gare shi.

Ɗaliban jami'ar Princeton sun ɗanɗana wannan a 2005, a gasar motoci marasa direba da hukumar DARPA ta shirya a hamadar Mojave, tafiyar mil 132 da kyautar dala miliyan 2. Da C# suka rubuta manhajar motarsu. Duk wani cikas da motar ta hango a hanya, manhajar tana buɗe masa rajista, idan an wuce shi ta cire shi daga jeri. A ganinsu shi ke nan. Ashe kowane cikas ya kuma yi rajista a wani sashe don a riƙa sanar da shi abin da ke faruwa, kuma wannan rajistar ba a soke ta. Saboda haka ba cikas ɗaya da aka taɓa kwashewa. A gwaji sun lura kwamfutar tana sanƙarewa bayan kamar minti 40, ba su gano dalili ba, sai suka sa ta riƙa kashe kanta tana kunnawa kafin lokacin. Ranar gasa abubuwan da motar ta hango sun fi na filin gwaji yawa, memori ya cika da wuri, motar ta tsaya ba ta cika mil 10 ba. Bayan gasa suka sa manhajar bin diddigi, ta nuna musu tarin cikas ɗin da zaren da ke riƙe da su. Motar jami'ar Stanford ce ta ci kyautar.

A irin waɗannan yaruka tambayar ta sauya. Ba wa ya ɗauki kwano ake tambaya ba, wa ke cewa bai gama ba. Ana ɗaukar hoton duk abin da ke cikin memori, a zaɓi abin da ya kamata a ce ya tafi, a bi zaren baya, wannan yana riƙe da wancan, wancan yana riƙe da wani, har a kai ga tushe. A Android misalin da aka fi gani shi ne shafin manhaja da aka rufe, amma wani aiki da ke gudana a baya yana riƙe da shi, shi kuma shafin yana riƙe da dukkan hotunan da ke kansa. Zare ɗaya siriri, kaya megabait da yawa. LeakCanary, wanda kamfanin Square ya fitar a 2015, yana jiran daƙiƙa 5 bayan an rufe shafi, ya tura mai kwashe shara, idan shafin yana nan sai ya zana wa mai manhajar zaren daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma ciwon da ba yoyo ba ne, amma littafin nan ne ke tona shi. Kowane kwano yana dawowa, sai dai ana fitar da su fiye da kima: miya a kwano, nama a wani, yaji a wani, duk don mutum ɗaya. Ba a rasa komai ba, amma masu wanke-wanke ba sa ɗaga kai, kuma lokaci-lokaci sai a dakatar da zuba abinci a jira su. Manhajar da ke ƙirƙirar dubban ƙananan abubuwa a cikin aikin da ake maimaitawa tana yi wa mai kwashe shara haka. Allon waya da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana da kusan milisakan 16 ne ga kowane hoto. Idan shara ta cinye wannan lokaci, yatsa yana jan shafi, shafi yana tsalle. A nan ba abin da ya rage a memori ake dubawa ba, yawan aron da aka yi gaba ɗaya ake ƙirgawa, kuma gyaran sau da yawa bai wuce a riƙe kwano ɗaya a yi ta amfani da shi ba.

Littafi ba ya yanke hukunci, wannan aikin mutum ne. Wani kwanon da gangan aka bar shi a shagon mai saye na kullum don a rage zirga-zirga. Manhajoji ma suna ajiye abin da suke yawan nema kusa da hannu don sauri, kuma dabara ce mai kyau. Amma ajiyar da ba a sa mata iyaka ba, ba a kuma faɗi ranar da za a zubar da tsohon ciki ba, ni ban ga bambancinta da yoyo ba. A rahoto kamanninsu ɗaya, sai wanda ya san manufar manhajar ne zai ce wannan hikima ce, wancan sakaci.

Burauzar Firefox ta nuna abin da haƙuri da littafi ke iya yi. An daɗe ana yi mata gorin cin memori. A watan Yunin 2011 Mozilla, mai Firefox, ta soma wani shiri mai suna MemShrink, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Nethercote, wanda dama yana cikin waɗanda suka gina Valgrind. Ba su fara da gyara ba, da awo suka fara. Suka faɗaɗa shafin about:memory da ke nuna abin da kowane sashe ya riƙe, har da wani layi na memorin da ba a san mai shi ba, suka yi ta bin wannan layi suna rage shi. Firefox 7 da ta fito a Satumba na shekarar ta rage cin memori da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a lokuta da yawa, bisa awon Mozilla. Awon ya kuma nuna cewa babban kaso na yoyon daga ƙananan manhajojin da mutane ke ƙara wa burauzar yake fitowa, masu riƙe shafukan da aka riga aka rufe. A Firefox 15, a watan Agustan 2012, sai burauzar ta koma tana yanke waɗannan zaruruwa da kanta.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne wanda ke biyan kuɗin sakacin. Mai rubuta manhaja yana zaune gaban kwamfuta mai gigabait 16, yana gwaji na minti biyar, komai lafiya. Wayoyin da aka fi saye a Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya a ƙasar Hausa kuwa, da yawansu gigabait 2 ko 3 gare su, wasu ma Android Go suke ɗauke da shi, wanda Google ya fito da shi a 2017 don wayoyi masu gigabait ɗaya ko ƙasa da haka. Mai kwano talatin tana jin ɓatan uku tun a ranar. Mutum yana tsakiyar tura kuɗi, ya fita ya kwafo lambar asusu daga WhatsApp, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko. Sai ya ce wayarsa ce ta tsufa, ya goge hotunan bikin 'yarsa don ya samar da fili, alhali hotunan ba a RAM suke ba, gogewar ba za ta ƙara masa komai ba.

Matasanmu da ke rubuta manhajoji a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai su suka fi kowa sanin waɗannan wayoyi, suna aljihun iyayensu da ƙannensu. Kayan awon kuma kyauta ne, Android Studio yana zuwa da nasa a ciki. A ari ƙaramar waya a gida, a haɗa ta da kwamfuta, a buɗe shafi a rufe sau goma, a juya allon, a kashe data ana tsakiyar aiki, sannan a tura mai kwashe shara a ɗauki hoton memorin. Idan shafin da aka rufe yana nan har kwafi goma, sai a bi zaren a ga wa ke riƙe da su.